Askin Ranar Alhamis

Duk Alhamis nakan rufe shago da rana tsaka,
in zuba aska da sabulu da tawul biyu a jaka,
in hau taragon da ke bin gefen tashar jiragen ruwan Gdansk
zuwa gidan da ba a tambayar ranar sallama.
Gado goma sha shida.
Ba ni da allura, ban san sunan ko ƙwaya ɗaya ba.
Aski na iya, shi nake kaiwa.

Ɗaki na bakwai, gefen taga, Ludwik.
Shekara talatin da ɗaya yana walda a cikin jirage,
tartsatsi ya yi masa zane a wuya kamar an watsa gero.
Yau cokali ya fi ƙarfinsa.
Ya ce, "Kada ka taɓa gashin bakin nan.
Otylia ta yi shekara arba'in tana mita a kansa.
In na iske ta babu shi,
a kan me za mu yi faɗa?"
Muka yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Bogumila ta leƙo, ta gyara matashi,
ta fita a hankali kamar mai gudun tashin jariri.

Ɗansa Witold yakan zo, amma iyakarsa baranda.
Rigar sanyi a jiki, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗa,
ledar lemo a hannu,
lemon da uban ba zai iya haɗiya ba.
Shekara tara ba su haɗa ido ba, in ji Bogumila.
Ban tambayi dalili ba.
Ranar farko aka gaya mana:
ɗinkin ɓarakar gidan wani ba aikinku ba ne,
ku zauna, ku saurara, in shiru ya zo ku ba shi kujera.

Na bi maganar mako biyu.
A na uku na yi ƙarya.
Na leƙa baranda ina murza wuyan hannu,
na ce sanyi ya riƙe mini shi, ga ruwa yana hucewa.
Ya shigo kamar wanda aka kira gaban alƙali.
Na miƙa masa buroshi.
Ya ce, "Ban iya ba."
Daga kan gado, ido rufe, murya kamar zare:
"Ni na koya maka.
Ka hau kan bokiti don ka kai madubi.
Bi kwanciyar gashi, kada ka yi gardama da shi."

Kumfa ta rufe kumatun da suka zurma.
Hannun direban babbar mota yana rawa a kan maƙogwaron ubansa.
Na juya ina ninke tawul ɗin da na riga na ninke.
A haɓa aska ta zame, jini ya ɗigo, ɗigo ɗaya.
Ludwik ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Har yanzu?"
Witold ya danne wurin da babban yatsa.
Jinin ya daɗe da tsayawa,
yatsan bai tashi ba.

Ba wanda ya ce yafe mini. Ni dai ban ji ba.
Na ɗauki kwanon ruwa na fita,
na zubar, na wanke, na sake wankewa.

Da Alhamis ta zagayo, taga a buɗe,
zanen gado a miƙe, ba ko lanƙwasa.
Daren Litinin, in ji Bogumila, ɗan yana riƙe da ƙafarsa.
An kai shi da gashin bakinsa cif.
Ledar lemon na kan tebur, an rubuta sunana a jiki.
Muka ɓare ɗaya a tsaye, muka raba,
tsami ya sa mu duka muka runtse ido,
kowa ya ɗora wa lemon laifin hawayensa.

Sai ƙararrawa daga ɗaki na tara.
Wani sabo, jiya aka kawo shi,
yana tambaya ko gaske ne akwai mai aski.
Na taɓa ruwan tulun, ya huce.
Na mai da shi kan wuta.